Yadda Na Gaida Surukina a Kan Ƙanƙara

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a mamak ɗinmu, shagon shayin nan na unguwar Taman Melati a Kuala Lumpur, ba. Da na ja kujera sai a fara: da gaske na taɓa ƙanƙarar da hannuna? Wai kuɗi mutane suke biya a gangaro da su daga kan dutse? Abokina Bala kuwa ba ruwansa da ƙanƙara, ɗingishina ya sa wa ido. Ya ce ya lura wata rana ina yi, wata rana ba na yi, kuma shi a iya saninsa ciwo ba ya zuwa hutun ƙarshen mako. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kowane tebur da irin gishirin da yake ƙara masa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Kafin jirgi ya tashi dole ku san da wa na yi tafiyar. Zan kira shi Farfesa, don sunansa ba zai fito daga bakina ba, balle daga alƙalamina. Bakano ne, ya fi shekara ashirin yana koyarwa a nan, kuma duk duniya ba abin da ya sani kamar igiyar ƙarfe: yadda ake murɗa ta, nauyin da take ɗauka, da ranar da za ta gaji ta tsinke. Ni ɗalibi ne a sashensu, ni ke kula da kwamfutar da take karanta na'urorin awonsa. 'Yarsa ɗaya ce tal, Rukayya, haifaffiyar nan, wadda in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci ta ɗora "lah" a ƙarshe. Ita nake so. Ita ma ta ce ni take so, da bakinta, ko kai ba ta sunkuyar ba.

Wata biyu kafin a kulle gari saboda cutar nan da ta game duniya, kawuna ya je wurin yayan Farfesa a Kano neman izini. Yayan ya ce magana tana hannun uban yarinya. Uban yarinya ya ce a bari a buɗe iyaka tukuna. Haka muka kwashe shekara biyu muna jiran iyaka. Na gama karatu cikin kulle, na kare digirina ta kwamfuta, kwat a sama gajeren wando a ƙasa, ga bizata za ta ƙare a ƙarshen watan shida. Akwai aikin da aka yi mini tayi a nan, akwai wanda ke jirana a gida, kuma amsar Farfesa ce za ta zaɓa mini ɗaya. In bai yi magana ba kafin lokacin, sai in tattara in tafi in bar Rukayya.

To, a ƙasar Turkiyya akwai wani dutse da mutane ke zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Da cuta ta kore musu baƙi, maimakon su zauna su yi tagumi irin namu, sai suka ce lokacin gyara ya samu. Suka fasa sababbin hanyoyin gangara. Suka cire tsohon lif ɗinsu, wato kujerun nan da ke rataye a igiya suna kai mutane saman dutse, suka kafa sabo da ya kai har ƙololuwa. Suka kuma sayo injinan feso ƙanƙara, don sanyi ya daina tafiya ranar da ya ga dama. Da a ƙarshen watan uku suke rufewa, yanzu sai ƙarshen watan huɗu. Farfesa ya duba musu aikin igiyar ta bidiyo daga falonsa, ni kuma ina karanta lambobi daga ɗakina.

Ranar da aka sanar za a buɗe iyakar Malesiya ya aiko in zo ofis. Na yi wanka, na sa farar shadda, na je na tsuguna a bakin ƙofa. Ya gama rubutun da yake yi, sannan ya ce, "Malam Kabiru, fasfonka yana da rai?" Ashe mutanen dutse ne suka gayyace shi ya ga igiyarsa da ido, Hajiyarsa kuma ta ce ba zai tafi shi kaɗai ba, mai ciwon suga ne da ke manta magani. Maganar da na zo ji ko kusa da ita bai bi ba.

Neman kayan sanyi a Kuala Lumpur aiki ne. A wata kedai, wato shago, ta gwanjo bayan Kampung Baru na samu jibgegiyar riga ruwan lemo, irin ta masu gyaran titi. Na gwada ta da tsakar rana, kafin in ja zif gumi ya kai mini idon sawu. Tsohuwar mai kedai ta zagaya ni sau biyu ta ce boleh, wato ta yi. Rukayya kuma ta same ni a tashar jirgin ƙasa ta Titiwangsa da ƙullin yaji da dabino daga Hajiya.

"Kwana biyar kai da Abba," in ji ta, "no Mama, no me. Just ask him lah."

Na shiga yi mata bayanin cewa namiji ba ya tunkarar suruki da irin wannan magana, aikin magabata ne. Ta saurare ni har na gama, ta ce to in na dawo sai in auri kawuna, tunda shi ne mai bakin. Ta shige jirginta ko waiwaye babu, ni kuma na tsaya riƙe da yaji raina a ɓace, don na san ba wasa take yi ba.

Aka yi mana gwaji, aka zura mini tsinke a hanci har na ji ya taɓo karatun allona. Muka tashi da safe, azumi yana da kwana uku. A jirgi aka ba mu kujeru manne da juna, kafaɗata tana gogar tasa. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san girman wannan jarrabawa: mutumin da ko layin gidansa kake kaucewa, ga ku kuna rabon wurin ɗora hannu guda ɗaya. Ban taɓa yi wa takunkumi godiya ba sai ranar. Da aka kawo abinci Farfesa ya ce shi matafiyi ne kuma marar lafiya, rangwame biyu gare shi, ya buɗe nasa. Ya ce ni ma rangwamen tafiya ya hau kaina. Na ce ai ina jin ƙarfi, zan riƙe azumina. Gaskiyar magana ba tsoron Allah ne ya yi mini yawa ba, tauna shinkafa a gabansa ce ba zan iya ba. Ya ce madalla, ya jawo tirena ya haɗa da nasa.

Abin da ban yi tunani ba, yamma muka nufa, rana tana tafiya tare da mu. Agogona ya nuna an sha ruwa a Kampung Baru, ina ganin layin masu tapau, wato sayen abinci a ƙunshe, a raina, amma ta taga rana tsaye take kamar ta azahar. Sai a jirgi na biyu, wanda muka canja a Istanbul, na sha ruwa, a kofin roba, na juya wa Farfesa ƙeya, bayan an ƙara mini awa biyar da ban roƙa ba.

A Istanbul jami'in shige da fice ya juya koren fasfona gaba da baya, ya tambaye ni me ya kawo ni. Na ce dutsen zamiya za mu. Ya ce ana ƙanƙara a Najeriya? Na ce a'a. A Malesiya fa? Na ce nan ma a'a. Ya yafito abokin aikinsa ya zo ya gan ni, suka kalli rigata ruwan lemo tare. Sannan ya buga hatimi, ya ce in kula da ƙafafuna. Na ɗauka barkwanci ne.

Daga garin da ke gindin dutsen mota ta yi awa guda tana hawa da mu. Otal ya cika maƙil, don duk wanda aka kulle shekara biyu ya ji an ƙara wa sanyi wata guda ya kwaso iyalinsa. Ɗaki ɗaya aka tanadar mana. Na leƙa na ga gado biyu, taku ɗaya tsakaninsu, na ga ƙofar banɗaki ta gilashi, na juyo da jakata. Na gaya wa mai karɓar baƙi cewa ina da minshari mai cutarwa, dattijon kuma ba shi da lafiya. Aka kai ni masaukin ma'aikata, bayan ɗakin injin lif.

A nan na haɗu da Baba Hasan, tsoho mai farin gashin baki, wanda ya yi shekara talatin a bakin lif yana zaunar da mutane a kujera. Turancinsa bai fi cikin cokali ba, don haka da fassarar waya muke hira, in ta rikice mu cike da alhamdulillahi. Buɗa-bakinsu romon wani jan wake ne da aka dama, da burodi tsawon hannu, da zaitun, da cuku, da shayi a ɗan kofin da ba ya kai wa maƙogwaro. Barkono ko ƙamshinsa babu. Na fito da yajin Hajiya, wani ƙato da ke zaune kusa da tsohon ya ɗebi cokali guda don nuna jarumta, ya ƙare a bakin famfo.

Wannan ƙaton, ashe mijin 'yar Baba Hasan ne. Kwano ɗaya suke ci, suna fizgar guntun burodi a hannun juna. Da safe zai sumbaci hannun tsohon ya ɗora a goshinsa, shi ke nan ladabi ya ƙare, sai musun ƙwallo har da nuna yatsa. Na kasa haƙuri na karanta wa waya nawa labarin ta juya wa tsohon. Baba Hasan ya yi dariya har da tari. Ya sa wayar ta tambaye ni ko Farfesan cizo yake yi.

Da gari ya waye na ga sanyin da aka tsawaita. Dama da hauni dutsen jar ƙasa ce, ciyawa ta fara tsirowa, har tumaki na hango suna kiwo. A tsakiya ne kawai aka shimfiɗa fari tun daga sama har ƙasa, kamar an yi shanyar zani. Injinan suna jere a gefe, kowanne kamar ganga da fanka a ciki, suna feso ruwa yana sauka gari-gari. Manajan wurin yana ta cika baki cewa baɗi har watan biyar za su kai. Mu a Kano sanyi in ya daɗe tsofaffi har addu'a suke ya tafi, su kuwa sun ɗaure shi da inji sun sa masa mai karɓar tikiti.

Kwana biyu muka yi a ɗakin inji, igiya lafiyarta ƙalau. Kullum da safe sai na je ƙofar Farfesa, in cire takalmi, in tsuguna in gaishe shi. Rana ta farko wata mai shara ta ɗauka wani abu ne ya faɗi mini, ta durƙusa kusa da ni tana taya ni nema.

Rana ta uku manaja ya ce ba za mu bar dutsensa ba mu gwada zamiya ba. Farfesa ya ce shekarunsa sun yafe masa, amma ga matashi. Aka sa mini takalma kamar an zuba ƙafafuna a siminti, aka maƙala musu dogayen alluna biyu, aka kai ni saman gangaren da yara ke koyo. Malamar da aka haɗa ni da ita ta koya mini abu biyu: in ina son tsayawa in haɗe kawunan allunan, kuma kada in kuskura in tsuguna, don masu neman gudu ne suke tsugunawa. Na ce na gane.

Ranar ban samu gaida Farfesa ba, da sassafe suka fita da manaja. Ina tsaye ina lallaɓa allunana sai ga shi ya ɓullo daga ƙasa yana takowa wajena, babbar riga a kan rigar sanyi. Malamar minti goma ta yi tana koya mini nata, jikina kuwa shekara talatin ya yi yana koyon nasa. Na kai hannu zan cire takalmi, ya ƙi. Sai kawai na tsuguna, na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, barka da kwana."

Da yake idona yana ƙasa, abin da na fara lura da shi shi ne ƙanƙarar tana tafiya. "Barka da kwana" a gabansa na faɗe ta. "An tashi lafiya" wasu yara 'yan Rasha na yi wa. Ina jin malamar tana ihu in miƙe, amma wa zai miƙe bai ji an amsa ba? Na wuce yaran, na wuce iyayensu, na wuce wani mai ɗaukar hoto, ban tsaya ba sai cikin ragar da aka kewaye injin ƙanƙara da ita. Injin kuma a kunne yake. Kafin a zo a ciro ni ya yi mini nasa aikin, na zama fari fat, gwiwata ta dama ta juya inda ba a halicce ta ta juya ba.

Farfesa ya iso yana haki. Shekara huɗu na san mutumin nan ban taɓa jin dariyarsa ba, ranar har riƙe ciki ya yi. Da ya samu numfashi ya gyara babbar rigarsa ya ce, "Lafiya lau, Malam Kabiru. Ya gajiya?"

Likitan wurin ya ce ba karaya, targaɗe ne, ya naɗe gwiwar ya ce kada in lanƙwasa ta sai bayan mako shida. Na kwanta ranar da baƙin ciki biyu, na ƙafa da na kunya. Saura kwana ɗaya mu koma, ban ji komai daga bakinsa ba, ga shi na mai da kaina abin dariya a gabansa.

Washegari saura na'ura ɗaya a ƙololuwa, kuma ni kaɗai na iya karanta ta. A bakin sabon lif akwai allon da suka bari tun tsakiyar cuta: 'yan gida ɗaya su hau kujera ɗaya, wanda ba danginku ba ya jira ta baya. Ban taɓa son wata doka kamar wannan ba. Ina tsoron sama, amma gara in yi lilo ni kaɗai a kan bishiyoyi da in sake haɗa kafaɗa da Farfesa. Na ja baya da ɗingishina don ya wuce.

Sai Baba Hasan ya gitta hannu ya tare shi. Ya nuna allon, ya nuna ni, ya tambaye shi da guntun Turancinsa ko gida ɗaya muke. Na fara girgiza kai, tsohon ko kallona bai yi ba. Kujera ta zo ta wuce ba kowa. Ta biyu ta wuce. Mutanen layi suka fara gunaguni, Farfesa kuma ya ɗaga kai yana kallon igiya kamar yau ya fara ganinta. Da ta huɗu ta kawo kai ya ce, "Gida ɗaya." Baba Hasan ya cusa mu ciki, ya sauke mana ƙarfen kariya.

Na gaya wa zuciyata kada ta yi rawar kai, saboda mutanen layi ne ya faɗi haka. Muna tsakiyar hanya, ƙafafunmu suna reto a kan bishiyoyi, lif ya tsaya cak. Na ƙanƙame ƙarfe ina salati. Farfesa ya saurara kaɗan, ya ce ba igiyarsa ba ce, wani ne ya danna maɓalli a ƙasa. Iska tana ta kaɗa mu.

Can ya tambaye ni ko na san Alhaji, mahaifin Hajiya. Na ce na ji rasuwarsa a farkon cutar nan. Ya ce shekara talatin da biyu yana auren 'yar mutumin, bai taɓa zama a kujera a gabansa ba, bai taɓa cin ko goro yana gani ba. Da ya rasu iyaka a rufe take, ta waya aka yi ta'aziyya, Hajiya ta sa aka wanko hotonsa ta rataye a falo.

"Na daɗe a gaban hoton nan," in ji shi. "Ashe yana da tabo a gira. Ban sani ba. Ƙafafunsa kuwa ko cikin dubu zan gane su."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"'Ya ɗaya gare ni, a ƙasar da ba tamu ba. Ba na son in ba da ita ga wanda takalmana kawai zai sani. Shekara biyu ina jira in ga fuskarka, kullum tsakar kanka nake gani, har na san inda sanƙo zai fara maka. Ɗago ka dube ni."

Na ɗago. Ga ƙaton gilashin ƙanƙara, ga takunkumi, ga hula har kunne, sak mai walda, ni ma na san haka nake. Ya cire nasa, na cire nawa. Idanunsa sun yi ja. Ya ce iska ce, na ce ƙwarai iskar tana da ƙarfi. Yana da ɗan tabon ƙyanda a gefen hanci, ban taɓa sani ba.

Ya ce bayan sallah kawuna ya koma wurin yayansa su sa rana. Ya ce kuma yau a tebur ɗaya za mu sha ruwa, azumina Allah ya ba da lada, amma ni da shi mun san abin da ya ƙara masa ƙarfi. Jikina ya motsa zai tsuguna, ƙarfen kariya ya tare ni, gwiwa ma ta ce ba da ita ba. Dole daga zaune, ina kallonsa, na ce, "Na gode, Baba."

Lif ya tashi. An ce daga ƙololuwa ana hango garuruwa uku, ni dai ban ga ko ɗaya ba. Da muka sauko Baba Hasan yana ta goge maɓallinsa da ƙyalle, fuskar nan kamar bai san komai ba. Na bar masa sauran yajin.

A filin jirgi Hajiya da Rukayya suna jiranmu. Rukayya ta kalli bandejin, ta kalle ni, ta ce, "So? Ka tambaya?" Na ce ban tambaya ba, don gaskiya ce. Fuskarta ta fara canzawa, sai Baba ya miƙa wa Hajiya jakarsa ya ce ta fara tunanin inda za a sauki baƙin Kano.

Yanzu, Bala, ga taka amsar. Ranar da na fara zuwa gidan bayan mun dawo, ina cire takalmi a bakin ƙofa Baba ya jawo kujera kusa da tasa ya ce mai ciwon ƙafa ba ya tsuguno. Mako shida sun wuce tuntuni. Gwiwa ta warke, kai kanka ka ga ƙwallon da na ci ranar Asabar a Titiwangsa. Amma shi Bakano ne, ba zai iya cewa surukinsa ya zauna kusa da shi haka kawai a gaban Hajiya da baƙi ba, ni ma ba zan iya zama haka kawai ba. Don haka daga tasha har ƙofar gidansu garau nake tafiya, sai na taka matakala ɗingishi ya tashi. Ya ce, "Ya ƙafa?" In ce, "Da sauƙi, Baba, amma da saura." Ya ce to in zauna.

Makon jiya Hajiya ta ce anya ba za a koma asibiti ba, ciwon ya daɗe. Baba ya ce a'a, shi ya san irin wannan targaɗen, yakan yi shekara talatin bai saki mutum ba. Ya turo mini kwanon tuwo gabana ya ce in sa hannu.